Ƙwan Zabin Yaya Tabawa

Wata rana, Talata 15 ga Agusta, 2023, gari ya waye da yayyafi a Funtuwa, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas.

Ƙarfe bakwai saura kwata na fito daga gida, laima a hannun dama, ƙwarya rufe da faifai a hannun hagu.

Tasha na nufa.

A cikin ƙwaryar akwai ƙwan zabi goma sha uku. Zan mayar wa wadda ta aiko min da su. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kun san ma'anar mayar wa mutum kyautarsa. Ba a yi sai in zumunci ya ƙare.

A safiyar nan, a wurina, ya ƙare.

Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san ba na kawo zancen gidanmu a nan. Yau zan kawo, sau ɗaya.

Mu biyu Inna ta bari, ni da Yaya Tabawa. Ni aka sa a boko, ita ta zauna ƙauye har ta yi aure a can. Shekarata ashirin da biyu ke nan ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Aikina aunawa ne da kiyaye lokaci. In takarda ta ce minti goma, minti goma ne.

Shekara uku da suka wuce ciwon Inna ya yi tsanani, na ɗauko ta na kawo ta asibiti. Bayan mako guda ta ce a mai da ita gida. Na ce sai an gama magani, saura kwana biyar.

Ba ta kai kwana biyar ɗin ba.

Yaya Tabawa ba ta same ta da rai ba.

Ranar sadakar uku, mata cike da tsakar gida, Yaya ta dube ni ta ce, "A cikin ƙwan Inna, ke ce baragurbi."

Na sa takalmina na fito.

Tun daga ranar ba mu sake magana ba. Labarinta a bakin mutane nake ji, nawa ma na san haka yake isa gare ta.

Sai ga shi a watan Yuli wata 'yar garinmu ta zo gwaji, ta ajiye min ƙwarya a kan tebur. Ƙwai a binne cikin dusa, goma sha huɗu.

Ta ce, "Tabawa ta ce a ba ki. Na zabin Inna ne. Ta ce ba na ci ba ne, a sa wa kaza."

Na ce, "Shi ke nan abin da ta ce?"

"Shi ke nan."

"Ba gaisuwa?"

"Hajiya, abin da aka ba ni ke nan na kawo."

Muna da wata jar kaza a bayan gida, wadda aka ba maigidana, Malam Sabi'u, kyauta. Allah ya sa a makon ta fara kwanci. Na kwashe nata guda uku, na jera mata na zabin, ranar Juma'a 21 ga Yuli.

Kafin in jera sai da na sa wa kowanne lamba da fensir, ɗaya zuwa sha huɗu.

Na ɗauki waya na rubuta tambaya: kwana nawa kaza take yi tana kwanci?

Amsa ta fito, ashirin da ɗaya. Na duba wuri uku, duk bakinsu ɗaya.

Na je gaban kalanda na zagaye Juma'a 11 ga Agusta da jan biro.

Na kuma yi wa kaina alkawarin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da suka fito, zan shiga mota in je in gaishe da Yaya.

Daga nan zama ya gagare ni.

Kafin in tafi aiki, akurki. Da na dawo, tun ban cire takalmi ba, akurki. Na sa mata ruwa, na canza ruwan, na sake canzawa. Na toshe wata kafa saboda ɓera. Na ɗaga kwanon rufi saboda yoyo, na mayar, na ga bai zauna ba, na sake ɗagawa.

Malam Sabi'u yana zaune a tabarma da rediyonsa yana kallona.

Ya ce, "Rakiya, da ni kike dubawa sau shida a rana haka, da hawan jinina ya sauka."

Na ce, "Kai ai kana iya faɗin abin da ke damunka."

"Ita ma tana faɗa. Cewa take ki ƙyale ta."

Ranar 11 ga wata ta zo. Na ɗauki hutun yini guda don ita. Na sayi tsaki na ajiye, na share kwando.

Shiru.

Asabar, shiru.

Lahadi na durƙusa na kasa kunne a bakin akurki har gwiwata ta yi tsami. Ba abin da na ji sai gunagunin kaza. Ta rame, tukkunta ya koɗe, tana nan kwance.

Litinin da safe na zaro lamba shida, na kai bayan gida, na buga shi a jikin dutse.

Ba sai na gaya muku warin ba.

Baragurbi ne.

Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Malam ya leƙo yana toshe hanci. Ya ce, "Ɗaya fa kika fasa."

Na ce, "Da ɗigon jini ɗaya nake sanin lafiyar mutum."

"Wannan ba jini ba ne. Ki tambayi wanda ya sani."

"Na tambaya."

"Wa?"

Na nuna masa waya. Ya girgiza kai ya koma wajen rediyonsa.

Yinin nan a wurin aiki, sau biyu ina wanke kwalbar da na riga na wanke. Abu ɗaya ke juyawa a kaina. Babu gaisuwa. Babu saƙo. Ba na ci ba ne, a sa wa kaza.

Ashe ba ƙwai ta aiko min ba.

Kalmarta ta ranar sadakar uku ta sake aiko min, guda goma sha huɗu, ta kuma sa na yi mako uku ina gadinta.

Haka na fassara. Na kuwa gamsu da fassarata, don ga hujja na gani da idona, na shaƙa da hancina.

Shi ya sa ranar Talata na ɗaga kazar nan da hannuna. Ta sare ni a wuyan hannu har jini ya fito. Na kwashe sha ukun, na binne su cikin dusar da suka zo da ita, a ƙwaryar da suka zo a ciki. Ni ma ba zan haɗa da gaisuwa ba.

Ban kai bakin titi ba ruwa ya sauko da ƙarfi.

Na faɗa rumfar mai shayin da ke kan kwanarmu. Shekara da shekaru ina wuce shi, ban taɓa zama ba.

A kan benci akwai wata tsohuwa, damin tsintsiya a gefenta, tana hura shayi. Ban san ta ba. Har yau ban san sunanta ba.

Na gaishe ta, na zauna a ƙarshen bencin, na ɗora ƙwarya a cinya. Ina duba agogo, ina duba titi, ina sake duba agogo.

Ta ce, "Hajiya, na sayarwa ne?"

"A'a, Iya."

"To na biki ne?"

"A'a."

Ba ta nemi izini ba. Ta miƙo hannu ta ɗaga faifan.

"Ƙwan zabi. Har da lamba a jiki. Su ma an sa su makaranta ne?"

Mai shayi ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta zaro ɗaya, ta kara shi a kumatunta. Sai fuskarta ta canza.

"Wannan da ɗuminsa. Daga ƙarƙashin kaza kika ɗauko su."

Na ce, "Sun lalace, Iya. Yau kwana ashirin da biyar."

"To?"

"Kaza kwana ashirin da ɗaya take yi."

Ta ajiye kofinta.

"Kwanan wa kika ƙirga, 'yata? Na kaza ko na ƙwai?"

"Ai kaza ce ta kwanta."

"Kaza aro aka yi ta. Ƙwan na zabuwa ne, shi kuwa sai ya kusa mako huɗu."

Na ji kamar benci ya motsa da ni.

Na ce, "Na fasa ɗaya jiya. Ruɓaɓɓe ne."

"Ke a danginku kowa ne na kirki?"

Ta juya wajen mai shayi. "Kai, ba ni ruwan ɗumi a babban kofin can. Ka sirka, kada ka dafa min su."

Ya ce, "Iya, kofin mutane ne fa."

"Ƙwai nawa ka kaɗa a cikinsa tun asuba? Yau dai ga mai rai ya zo masa."

Ya kawo. Ta tsoma gwiwar hannunta ta ji ɗumin, ta jira ruwan ya tsaya cik, sannan ta saki ƙwan a hankali. Lamba tara ne.

Ya taso, kansa ya ɗan leƙo sama.

Mu uku muka sunkuya.

Ba wanda ya taɓa kofin. Ba wanda ya taɓa teburin.

Ƙwan ya motsa.

Ya tsaya.

Ya sake motsawa, har ruwan ya yi ɗan zobe.

Mai shayi ya ce, "Ikon Allah. Mutum na ciki."

Tsohuwar ta tsamo shi, ta goge a zanenta, ta tura shi cikin dusa. Tana yi tana tambayata.

"Wa ya ba ki?"

"Yayata."

"To ta sha raɓa. Zabuwa ba ta yin ƙwai a gida, sai an bi ta cikin ciyawa an gano inda take ɓoyewa. In an gano ma ba a sa hannu, da ludayi ake ɗebowa, a bar mata ɗaya ko biyu don kada ta canza wuri. Na ci kowa zai iya saya miki a bakin hanya. Na ƙyanƙyasa sai wanda ya tashi da asuba."

Na dubi ƙwan da ke cikin dusa.

Ta rufe faifan. "Da ina za ki kai su?"

Na dubi titin tasha.

Na ce, "Gida."

"To me kike jira? In sun huce sun tafi. Ki jera mata, ki fita, ki ja ƙofa. Kada ki danna ta a kai, kada ki tsaya kallo. Ba ta son mai gadi."

Ni da ba na gudu ko a tsakar gidana, ranar na yi gudu a kan titi. Na tura ƙwarya cikin hijabi na rungume. Laimar a rumfar na baro ta. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na koma na zare shi, na riƙe a hannu.

Malam Sabi'u ya buɗe min ƙofa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Motar ta cika ne?"

Na ce, "Ina kazar?"

Ba ta cikin akurki.

Tana can ƙarƙashin turmi, gashinta a tashe, tana ƙorafi. Minti arba'in da biyu ke nan da na raba ta da su. Na duba agogo, don ban iya hana kaina ba.

Na jera ƙwan a gurbinsu, ina gaya wa Malam abin da tsohuwar ta ce. Na buɗe ƙofar akurki. Na koma ɗaki.

Na fito.

Malam ya ce, "An ce ki tsaya kallo?"

Na koma.

Na zauna a bakin gado, na miƙe, na ninke kayan da ke ninke. Na leƙa ta taga. Ta zo bakin akurki, ta leƙa, ta juya ta tafi tsince-tsince.

Na ce a raina, shi ke nan, na kashe su.

Na saki labule. Na ƙirga ɗari. Na sake ƙirga ɗari.

Sai na ji Malam daga waje, da muryar da yake karanta jarida, yana cewa, "Ta shiga."

Ranar na makara a aiki. Ba wanda ya tambaye ni dalili, don ba su taɓa gani ba, ba su san yadda ake tambaya ba.

Laraba, shiru. Ban je akurki ba sai sau ɗaya. Malam ne shaida.

Alhamis da la'asar na dawo, ina cire takalmi, na ji wani ɗan siririn kuka.

Uku sun fito. Ƙanana, masu zane a ka, ƙafafu jajaye, sun fi 'yan tsaki rawar jiki nesa ba kusa ba.

Zuwa yammacin Juma'a sun zama tara.

Huɗu ba su fito ba.

Ban san ko tun asali ba su da rai, ko sanyin safiyar Talata ne ya ɗauke su. Babu gwajin da zai gaya min. Na binne su a gindin zogale.

Na koma rumfar mai shayi na tambayi tsohuwar. Ya ce shi ma ranar ya fara ganinta, ruwa ne ya koro ta.

Za ku ce to sai na shiga mota na tafi ƙauye, kamar yadda na yi alkawari.

Ban tafi ba.

Sau biyu ina haɗa jaka ina kwancewa. Da wane ido zan dube ta, ni da na san abin da na kusa yi? In na kira a waya, wayar mijinta ce, a tsakar gida ake amsawa, kowa na ji. Ni kuma bakina ba ya buɗewa in ana saurare.

Amma Yaya tana karatu. A hankali, da yatsa a kan layi, amma tana yi. Ni na koya mata, lokacin da nake zuwa hutun makaranta, da gawayi a jikin bangon rumbu.

Sai na ɗauki takarda.

Ta farko shafi huɗu ce, duk bayanin ciwon Inna da abin da likita ya ce. Na karanta na ga rahoto ne. Na yaga.

Ta biyu ta cika ba da haƙuri har ba a gane laifin. Na yaga.

Mako biyar ina wannan.

Wadda ta tsira ga ta, ban rage komai ba:

"Yaya, ina gaisuwa. Ƙwai sun iso. Tara sun fito, suna nan lafiya. Ɗaya na fasa da hannuna. Huɗu sun mutu, mai yiwuwa ni ce sanadi, don na ɗauke su daga ƙarƙashin kaza da niyyar in mayar miki. Na zaci kin aiko ki zage ni ne. An gaya min yadda ake samo su.

"Ranar da Inna ta ce a mai da ita gida, ni na hana. Na ƙirga kwanakin magani, ban tambaye ta nata ba. Na hana ki ganinta. Ki yafe min.

"An ce gara ake ba 'yan zabi. Ban san inda ake samun gara a cikin gari ba. Ki zo ki nuna min, ko ki ce in zo.

"Ƙanwarki, Rakiya."

Yau da safe na kai ta gidan waya. Na rubuta adireshin makarantar firamaren garinmu, inda wasiƙun ƙauyen suke sauka tun muna yara, ta hannun hedimasta.

Ma'aikacin ya juya ambulan gaba da baya. Ya ce, "Hajiya, har yanzu ana rubuta wasiƙa?"

Na ce, "Kwana nawa za ta yi?"

"Wallahi ba zan yi miki ƙarya ba. Wata mako ɗaya, wata uku."

Na buɗe baki zan ce ya faɗa min takamaimai. Sai na rufe.

Na manna kan sarki. Na tura ta cikin akwati har na ji faɗuwarta.

Darasi:

Amsar da na samu a waya daidai ce. Tambayata ce ba daidai ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci don bai fito a ranar da ka zagaye ba, ka bincika ko kwanakinsa ka ƙirga, ko na wani. Kuma ruɓaɓɓe ɗaya ba ya ba da shaida a kan sauran.

In kin san wata da ta rufe ƙwarya tana hanyar tasha, tura mata wannan tun abin da ke ciki bai huce ba.